Yadda Za Ki Rabu da Man Bilicin Ba Tare da Kin Koma Masa Ba

Yawancin matan da ke shafa man bilicin sun taɓa gwada bari, wasu ma ba sau ɗaya ba. Mace za ta ajiye kwalbar ran Juma'a da kyakkyawar niyya, kafin wata Juma'ar ta zagayo fuska ta ɗau zafi kamar an watsa mata barkono, ƙuraje sun feso, kumatu sun yi duhun da ya wuce yadda Allah ya halicce su. Sai a gidan suna wata ta dube ta ta ce, "Lafiya kuwa? Ko ciwo kika yi?" Da daddare an koma wa kwalba. Daga nan ta yanke wa kanta hukunci cewa fatarta ta riga ta saba, ita da mai sai mutuwa. Alhali abu biyu ne suka kayar da ita: ta bari ba tare da ta san me ke cikin man ba, kuma ba ta yi wa makonni shida na farko tanadi ba, lokacin da fata take bore, bakin mutane kuma yake buɗewa.

Ki fara da sanin abin da kike shafawa

Launin fata daga wani sinadari yake zuwa da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta a ƙasan fata suke kerawa. Shi ne laimar da ke tare wa fata zafin hasken rana. Duk man da ke haskaka mutum cikin mako biyu ko uku, hana wannan aikin yake yi, kuma kusan kullum da ɗayan abubuwa uku yake yinsa, ko da dukkansu a haɗe: sitiroyid, haidirokwinon da zaiba. Kowanne da irin ɓarnarsa, kowanne kuma da yadda ake barinsa. Shi ya sa shawarar "ki daina kawai" take yi wa wata daidai, ta kwantar da wata a asibiti.

Ki tattaro duk abin da kike shafawa, har sabulu da na gaɓoɓin yatsu da wanda ake ce wa na dare, ki zauna inda akwai haske ki karanta jikin kwali. Sunan sitiroyid yakan zo da clobetasol, betamethasone, fluocinonide, dexamethasone ko hydrocortisone. Dermovate clobetasol ne. Skineal akwai clobetasol a ciki, Funbact-A kuma akwai betamethasone. Waɗannan magungunan ciwon fata ne da aka yi domin a shafa kwanaki kaɗan a wurin da ke ciwo, ba man shafawa ba ne, amma an mai da su na kwalliya har ana matsa su cikin man jarirai. Haidirokwinon za ki gan shi a rubuce hydroquinone, wani lokaci quinol ko 1,4-benzenediol. Zaiba kuwa takan ɓuya a bayan mercury, mercurous chloride, calomel, ammoniated mercury ko harufan Hg, amma masu zuba ta ba kasafai suke rubutawa ba.

Dokar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta hana sa sitiroyid da zaiba cikin kayan kwalliya, ta kuma hana haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. Sai dai doka tana kan takarda, kwalba tana kasuwa. Idan naki haɗi ne, irin wanda mai shago yake zuba wannan ya matsa wancan ya juya da cokali, ko wanda aka aiko miki daga Instagram a robar da ba rubutu sai kalmar oganik, ki ɗauka duka ukun suna ciki. Kurkum da zuma da madara ba sa mai da baƙar mace fara cikin kwana goma. In hakan ta faru, magani aka zuba.

Jikinki ma zai gaya miki. Korayen jijiyoyi da suka fito a cinya da damtse, nankarwa mai faɗi ja ko shuɗi-shuɗi a hammata da ƙirji da bayan gwiwa, gashi a haɓa, ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya a goshi da ƙirji, makero ko kyasbi da ya ƙi jin magani, fatar da ɗan karce yake sa ta jini: wannan aikin sitiroyid ne. Baƙin da ya kwanta a saman kumatu da gefen ido da bayan wuya, mai kama da an barbaɗa toka ko baƙin barkono, da gaɓoɓin yatsu da suka yi baƙi ƙirin, da wani ƙarni kamar na kifi idan an yi gumi: haidirokwinon ne. Fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa da fuska da safe, rawar hannu, rashin barci, mantuwa da saurin fushi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki: a binciki zaiba.

Ki lissafa yawan da ke shiga jikinki

Wannan lissafin shi ne zai nuna ko za ki iya bari a gida ko sai da likita. Likitocin fata suna awo da yatsa: idan aka matso mai daga tub, daga kan yatsa manuniya zuwa gaɓar farko, ya kai kusan rabin giram, kuma ya isa ya shafe wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Jikin babban mutum gaba ɗaya yana cin kusan giram 20 a shafa guda. Clobetasol yana cikin sitiroyid mafi ƙarfi da ake shafawa, ƙarfinsa ya ninka na hydrocortisone sau ɗaruruwa, kuma ƙa'idarsa ita ce kada a wuce giram 50 a mako, kada kuma a jera fiye da mako biyu zuwa huɗu. Yanzu ki duba: idan mai haɗi ya matsa tub uku na giram 30 cikin kwalbarki, kika shanye ta a mako biyu, giram 45 ke nan kowane mako. Kin tsaya a bakin iyakar da aka yanka wa mara lafiya na 'yan kwanaki, ke kuma shekara uku kina yi.

Abin da ya sa wannan yake da haɗari shi ne, a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki nasa sitiroyid ɗin, wanda ake kira kotisol. Shi ke riƙe bugun jini da sukarin jini, shi ke tallafar jiki lokacin zazzaɓi ko haihuwa ko tiyata. Idan na shafawa yana ratsa fata yana shiga jini kullum, sai waɗannan halittu su ga an ɗauke musu aiki, su kwanta. Ranar da kika tsayar da mai farat ɗaya, na waje ya yanke, na ciki bai farka ba. Daga nan sai kasala mai tsanani, jiri in an miƙe, amai, ciwon ciki, jini ya faɗi, har suma. Yana iya kisa. Duk wadda ta ga waɗannan alamu bayan ta bar mai, asibiti za a kai ta a daren, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da take shafawa.

Don haka ki raba kanki gida biyu. In fuska kaɗai kike shafawa, ko ba ki wuce wata ɗaya da farawa ba, haɗarin nan kaɗan ne, kina iya tsayawa. In kuwa jiki duka ne, wata da watanni, ko fuskarki ta yi zagaye ta kumbura, ciki ya yi tulu ƙafafu sun sirance, ko kina haɗawa da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dexamethasone ne da cyproheptadine, to kada ki tsaya sai kin ga likita.

Abin da za ki nema a asibiti

Ki je da kwalaben a jaka. Kunya ba ta da amfani a nan, likitan fata yana ganin irin wannan kowace rana, kuma ko ba ki faɗa ba gaɓoɓin yatsunki sun riga sun faɗa. Akwai sashen fata a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a Nijar kuma manyan asibitocin Yamai da Damagaram. In sun yi miki nisa, likitan babban asibitin garinku zai iya fara aikin.

A auna hawan jini, da sukarin jini kafin ki karya, da fitsari domin a ga ko furotin yana zuba, da aikin ƙoda. In an daɗe ana shafa sitiroyid a jiki duka, a auna kotisol, kuma jinin da safe ake ɗiba, wajen ƙarfe 8 zuwa 9, domin lokacin ne yake kan ganiyarsa. Wadda take shafawa har fatar ido ta je a auna mata ƙarfin ruwan ido, saboda sitiroyid yana kawo gilakoma da yanar ido, gilakoma kuma ba ta sallama sai ta ci gani.

Ga inda mutane suke rikicewa. Zaiba da haidirokwinon yau ake barinsu, ba a ja musu rai. Sitiroyid kuwa, ga wadda ta daɗe tana shafa shi a jiki duka, a hankali ake janye shi. To yaya za a yi da haɗin da ya ƙunshi duka? Ba a rage shi da kaɗan-kaɗan, domin kowace shafa ƙarin zaiba ce, kuma ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki, har shi mai haɗin. Ana ajiye haɗin gaba ɗaya, likita ya rubuta sitiroyid guda wanda aka san sunansa da ƙarfinsa, a sauko da shi mataki-mataki. Tsarin da aka saba bi yana kama da haka: a koma wanda bai kai na da ƙarfi ba ana shafawa sau ɗaya a rana na mako biyu, sannan a riƙa tsallake kwana ɗaya na mako biyu, sannan sau biyu a mako na mako biyu, sannan a tsaya. Wadda kotisol ɗinta ya yi ƙasa sosai, ƙwayar hydrocortisone ta sha ake ba ta, a riƙa ragewa cikin watanni ana sake awo. Wannan ba aikin kemis ba ne.

Kwalaben da kika ajiye kada ki ba ƙanwarki ko 'yar aiki, kada ki zuba a wuta domin hayaƙin zaiba guba ne. Ki ɗaure su a leda nesa da yara. Tawul da rigar filo da zanin gado a wanke su daban, in sun tsufa a canza, domin zaiba tana bin su ta kai ga miji da yaran da ba su taɓa shafawa ba.

Makonni shida na farko

Daga kwana na uku zuwa mako na biyu fata za ta yi bore. Sitiroyid ya daɗe yana matse ƙananan hanyoyin jini na fata, da aka ɗauke shi sai su buɗe lokaci guda: zafi, raɗaɗi, ƙaiƙayi, ɗan kumburi, ƙuraje, sannan saɓa. A baƙar fata ba ja ake gani ba, duhu ake gani mai ɗan shuɗi. Wannan ba alama ce ta cewa fatarki tana buƙatar man ba, alama ce ta cewa ya fara sakinta. Ga wasu yana lafawa cikin mako uku zuwa shida, ga wadda ta shekara da shekaru yakan ja watanni yana tashi yana kwantawa.

Kayan aikinki a wannan lokaci kaɗan ne, kuma da gangan. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, minti biyar zuwa goma. Sabulu mai laushi mara turare, a hammata da matsematsi da ƙafa, sauran jiki ruwa ya isa. A ajiye soso. Sabulun salo yana da kaifi ga fatar da ta sirance, kuma da yawan na kasuwa an cuɗa su da kayan haske, a dakata da shi tukuna. Da kin fito, kafin minti uku, jiki da sauran danshi, ki shafa man kaɗe tsantsa ko basilin fari. Sau biyu a rana, lokacin hunturu sau uku. In man kaɗe yana fito miki da ƙuraje a fuska, ki bar shi ga jiki, ki nemi mai mara nauyi mai gilisarin wanda ba turare. Idan raɗaɗi ya tashi, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa ki ɗora minti goma. Ƙaiƙayin dare kuwa, likita zai iya ba ki ƙwayar da za ta kwantar da shi ki samu barci. Ki yanke farce.

Abubuwan da ke ɓata aikin su ne dabarun gida da ake ba juna a waya: lemon tsami, makilin, kanwa, goge fuska da sukari ko gishiri, turara fuska da ruwan zafi. Duk abin da ya fusata baƙar fata tabo yake bari, domin amsar da ta sani ga rauni ita ce ƙara melanin. Lemon tsami ma in ya haɗu da rana ƙuna yake yi. Dilka da halawa da kurkum, waɗanda suka shigo mana ta hannun Shuwa da mutanen Sudan, a asalinsu gyara ne ba bilicin ba, amma gurza ne, fatar da ke jinya ba ta ɗaukarsa. A ba su wata uku.

In ƙurajen fuska sun yi yawa, musamman kewayen baki da hanci, akwai maganin da ba sitiroyid ba: likita yakan ba da doxycycline na makonni, ko man tacrolimus. Mai juna biyu ba ta shan doxycycline. Makero da kyasbi da ƙazuwa da sitiroyid ya lulluɓe za su bayyana yanzu, a yi musu maganinsu na kansu, kuma a guji duk tub ɗin da aka ce yana maganin abu uku, domin na ukun sitiroyid ne, an koma gidan jiya.

Rana

Fatar da aka hana melanin shekaru, aka kuma sirantar da ita, ba ta da garkuwa, ga ranar Kano ko ta Maraɗi. Wani ɓangare na duhun da mata ke gani bayan sun bari ƙunar rana ce. Ki nemi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama. Yawan da ake buƙata ga fuska da wuya shi ne layi biyu a tsawon yatsa manuniya da ta tsakiya, kusan rabin cokalin shayi. Yawancin mutane rubu'i zuwa rabin haka suke shafawa, sannan su ce bai yi aiki ba. A shafa da safe, a sake bayan awa biyu in ana cikin rana, a sake bayan alwala in za a fita. Mai ɗan launin ƙasa ya fi dacewa da mu, ba ya barin fari-fari a fuska, kuma yana tare hasken da ke ƙara baƙin tabo. Kada ki manta bayan hannu da saman ƙafa. In kuɗinsa ya yi miki yawa, ki saya na fuska kaɗai, hijabi mai kauri da laima da guje wa fita tsakanin ƙarfe 11 da la'asar su yi sauran. Zafin murhu ma yana ƙara duhun kumatu, ki ja baya da fuska daga wuta.

Yadda launi yake dawowa

Fata takan sabunta kanta cikin kusan mako huɗu, in shekaru sun ja ya fi haka. Don haka daga wata na biyu za ki ga launi yana dawowa, kuma ba ya dawowa bai ɗaya. Fuska da wuya da hannu sukan riga, sukan ma zarce asalin launinki na ɗan lokaci, cinya da ciki su biyo baya. Tsakanin wata na biyu da na huɗu ne mace take zama kala biyu, nan ne kuma aka fi komawa. Daidaituwa takan ɗauki wata shida zuwa shekara. Ki ɗauki hoto ranar da kika fara, a bakin taga da safe, ba tare da tacewar waya ba, ki riƙa maimaitawa kowane wata a wuri guda. Madubi na kullum ba ya nuna ci gaba, hoton wata-wata yana nunawa.

Bayan boren ya kwanta, wajen mako na shida zuwa na takwas, ana iya fara gyaran tabo da abubuwan da ke daidaita launi ba tare da sun kashe shi ba: niacinamide mai kashi 4 ko 5 cikin 100, ko azelaic acid mai kashi 15 zuwa 20, wanda har mai juna biyu ana ba ta. Abu ɗaya a lokaci guda. Ki gwada a bayan kunne kwana uku, sannan fuska sau uku a mako, ki ba shi wata uku kafin ki ce bai yi ba. Magungunan shafawa na ƙurajen fuska irin su tretinoin da adapalene suna aiki, amma ba na mai ciki ba ne ko mai neman ciki. Allurar gulutatayon da ake yi a shagunan kwalliya kuwa, ba wata hukumar magani da ta amince da ita domin hasken fata, tana iya taɓa hanta da ƙoda, ga haɗarin allura a hannun wanda ba ma'aikacin lafiya ba.

Bakin mutane, da wanda ke cin riba

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, a 2023 kuma NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana haidirokwinon a kayan kwalliya a 2016. Abin da ya kai wannan yawa ba wautar mace ɗaya ba ce. An raine mu da "farar mace alkyabbar mata", samari suna cewa fara ko mayya ce. Ki buɗe littattafan soyayya, daga na kasuwar Kano zuwa waɗanda ake turawa a WhatsApp, ki ƙirga sau nawa tauraruwa take zuwa fara sol, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya kamar Balarabiya, sannan ki duba wace kala aka ba muguwar kishiya da 'yar aiki. Yarinyar da ta karanta hamsin irin wannan kafin ta kai sha takwas ta riga ta san wace ce ake aura da mota, wace ce ake saki. A gidan da ci da sha da zaman mace suke rataye da ra'ayin mutum ɗaya, kuma ana iya yi mata kishiya ko a miƙa mata takarda, fari ya zama jari, ita kuma ke biya da ƙodarta. Marubutanmu suna da hannu a wannan, kuma gyaran a hannunsu yake: baƙar tauraruwa da aka so ta a baƙarta, ba wadda sai ta shiga daula ta "washe" a babi na goma ba.

Tunda haka ne, bari yana buƙatar shiri da mutanen gida kamar yadda yake buƙatar man kaɗe. Ki zaɓi lokaci. Kada ki fara saura wata ɗaya bikin ƙanwarki ko ana jibi Sallah, ki nemi wata uku da ba babban taro. Ki yi wa maigida magana kafin ki fara, ba sai ya ga fuska ta canza ba, kuma ki shigo masa ta ƙofar lafiya: ga sakamakon awon jini, ga abin da likita ya ce, ga yadda zan koma na watanni, ga abin da nake so daga gare ka. In zai yiwu ku je asibitin tare, maza da yawa sun fi jin magana daga bakin likita. In ya san ki da fari tun kafin aure, ki nuna masa hotonki na makaranta, gara ya gani daga hannunki. In kuwa shi ne mai ba da kuɗin man yana cewa kin yi baƙi, abin ya wuce kwalliya, ki sa wanda yake jin nauyinsa, wa ko kawu ko malami, ya zaunar da shi. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, kuma babu malamin da zai ce miji yana da haƙƙin sa matarsa abin da zai kashe mata ƙoda.

Ga 'yan biki da dangin miji, ki tanadi amsa guda gajera ki riƙa maimaita ta: "Man da nake shafawa ne ya so ya yi min illa, likita ya hana ni." Ba sai kin ƙara ba. Ki sami mace ɗaya, 'yar'uwa ko aminiya, wadda za ki kira a daren da hannunki ya kai kan kwalba. Shafukan masu tallan mai da kike bi a waya ki sauke su, domin hoton "kafin da bayan" da suke sawa haske ne da tacewa, kuma an yi shi ne don ya same ki a ranar da zuciyarki ta yi rauni.

Iyayen amarya su lura da wurare biyu. Na farko akwatin lefe: a karanta kayan shafar da dangin ango suka zubo kafin yarinya ta taɓa. Na biyu mai gyaran jiki: a tambaye ta me ke cikin haɗinta, a ce a kwaɓa a gabanku. Wadda ta yi alkawarin amarya za ta yi fari cikin mako biyu ta riga ta gaya muku abin da za ta zuba. Amare da yawa daga nan suka fara, domin bayan biki launi yana komawa, ango kuma ya saba da wanda ya gani ranar ɗaurin aure.

Mai ciki, mai shayarwa da yara

Zaiba tana ratsa mahaifa, tana shiga nono, kuma ƙwaƙwalwar jariri take taɓawa. Mai juna biyu da ke shafa mai ta faɗa a wurin awo tun zuwan farko, kuma in sitiroyid ne na jiki duka kada ta yanke da kanta, domin naƙuda tana buƙatar kotisol. Duk wadda za a yi wa tiyata, ta haihuwa ko wata, ta gaya wa likita da mai ba da maganin barci: fatar da ta sirance ba ta riƙe ɗinki da kyau, ciwo yana jinkirin warkewa, jini kuma yana iya faɗuwa ana tsakiyar aiki.

Jariri yakan zo da haske ya yi duhu cikin watannin farko, wannan halitta ce, launinsa ne yake zama. Fatarsa siririya ce, kuma faɗinta in an gwada da nauyinsa ya fi na babba, don haka abin da aka shafa masa ya fi shiga jini, musamman ƙarƙashin kunzugu inda ake rufewa. Sitiroyid yana tsayar da girman yaro, ya kumbura masa fuska, ya raunana garkuwar jikinsa. Yaron da aka daɗe ana matsa wa tub cikin mansa, likitan yara za a kai wa da kwalbar, shi ma ba a yanke masa farat ɗaya.

Abin da ba ya komawa

Ƙuraje, siranta, gashin haɓa da yawancin duhu suna gyaruwa. Nankarwa takan dushe ta koma fari-fari, ta rage faɗi, amma ba ta ɓacewa, kuma man da aka ce yana goge ta cikin mako guda ƙarya ne. Baƙin haidirokwinon mai kama da toka, wanda likitoci ke kira okoronosis, a can cikin fata yake, shi ne mafi taurin kai. Kuskuren da ake yi da shi shi ne a ga baƙi a ƙara mai, man kuma shi ne ke haifar da shi, sai ya ƙara faɗi. Tsayawa yana hana shi yaɗuwa, kariya daga rana tana hana shi ƙara duhu, wasu na samun sauƙi da na'urar leza a hannun likitan fata da ya saba da baƙar fata, domin a hannun wanda bai iya ba leza ma tabo take bari. Kafin nan hoda mai kalar fatarki ta yanzu tana rufe shi, a saya a gwada a gefen muƙamuƙi cikin hasken rana, ba a bayan hannu ba. In kuma akwai gyambo ko wani tsiro a wuya ko fuska da ya wuce wata guda bai warke ba, a kai wa likita ya yanki kaɗan a auna, domin an samu ciwon dajin fata a wasu da suka shekara da shekaru suna shafawa. Awon fitsari da na suga da hawan jini kuma a maimaita su bayan wata uku da tsayawa, sannan bayan wata shida.